Ƙungiyar da Aka Rushe da Takarda Guda

A fadojin unguwar Boukoki ta Yamai, idan ana shan shayi aka ambaci CSKA Mosko, sunan Moussa Maazou ne ke fara fitowa. Ɗan Yamai ne da ya tashi daga ƙungiyar sojojin Nijar, AS FAN, ya bi ta Lokeren ta Beljiyam, ya sauka a CSKA, ƙungiyar sojojin Rasha, a 2009. Amma mai karatu, ko ka san an taɓa shafe wannan ƙungiya baki ɗaya saboda wasan da ba ita ta buga ba?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu babu mai ja da ita a Tarayyar Sobiyet. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1946, 1947, 1948, 1950 da 1951. Don haka da aka tashi zuwa gasar Olamfik ta 1952 a Finland, kocinta Boris Arkadyev aka ɗora wa ragamar ƙungiyar ƙasa, ya tafi da wasu yaransa. Sai ƙaddara ta haɗa su da Yugoslabiya.

A lokacin Stalin da Tito, shugabannin ƙasashen biyu, ba sa ga maciji da juna. Wasa ya zama siyasa. A birnin Tampere, Yugoslabiya ta zura ƙwallo 5, Sobiyet na da 1, saura kwata a tashi. Da kai ne a filin, mai karatu, me za ka yi? Ka sunkuyar da kai ka jira usur? Su dai ba su yi haka ba. Cikin mintunan da suka rage suka rama huɗu, Vsevolod Bobrov shi kaɗai ya ci uku a wasan, aka tashi 5-5. Bayan kwana biyu aka sake karawa, Yugoslabiya ta yi nasara da 3-1.

To, wane tukwici ya dace da mazan da suka yi wannan bajinta? A watan Agusta hukumar wasanni ta fitar da umarni: an rushe ƙungiyar sojoji, an soke sakamakon wasannin da ta buga a gasar shekarar, an ƙwace lambar girman Arkadyev. Ƴan wasan da ko ƙafa ba su taka Finland ba, su ma suka watse neman inda za su fake. Da kai ne aka miƙa wa alƙalamin sa hannu, kana sane da fushin Stalin, za ka iya cewa a'a?

Stalin ya mutu a Maris 1953, aka maido da ƙungiyar a 1954. Sai dai rushewa ta fi gini sauƙi: ba ta sake zama zakaran gasar ƙasa ba sai 1970.

Ranar 18 ga Mayu 2005 ta je wasan ƙarshe na kofin UEFA a Lisbon, a filin abokiyar karawarta Sporting. An tafi hutun rabin lokaci ana cin ta 1-0. Ta dawo ta ci uku, da ɗan Najeriya Chidi Odiah a cikin fili, ta zama ƙungiyar Rasha ta farko da ta ɗauki kofin Turai. Daga baya Ahmed Musa ya lashe gasar Rasha sau uku a rigarta.

Mai mulki na iya hana mutane fili da riga, amma bai isa ya hana su sake tashi ba. Mai karatu, in yau aka ci taka ƙungiyar, hukunci za ka nema mata, ko za ka fara tambayar yadda ta yi faɗa?