Daga Maikunkele zuwa Abeokuta: Abin da mai kiwon kaji zai je nema a babban baje koli

Duk wanda ya fito daga cikin Minna ya kama hanyar Zungeru, kafin ya wuce Maikunkele zai hangi wasu dogayen gine-gine masu gajeriyar katanga da raga a sama, a bayan gidaje da gefen gonaki. Ɗakunan kaji ne. Wasu na mazauna garin ne, wasu kuwa na ma'aikatan gwamnati ne da ke aiki a Minna ko Abuja, waɗanda ba sa ganin kajinsu sai a ƙarshen mako.

Akwai dalilin da ya sa ma'aikata suka yawaita a wannan sana'a. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya keɓe noma. Saboda haka wanda ya hango cikar shekara 35 a bakin aiki, ko shekara 60 da haihuwa, yakan fara tunanin fili da ɗakin kaji tun kafin takardar ritaya ta iso. Da yawa sukan zuba bashin ƙungiyar adashi ta ofis a ciki, wasu ma kuɗin sallamarsu gaba ɗaya.

Sai dai irin wannan makiyayi ya dogara ne da mutanen da bai taɓa gani ba. 'Yan tsakinsa daga Ibadan ko kewayenta ake ɗauko su cikin kwali, ta hannun dillali. Abincin kajin wani kamfani ne ya haɗa, maganin rigakafin kuma ya bi hannaye da dama kafin ya iso gonarsa. Idan kaji suka fara mutuwa, kowa sai ya ɗora laifin a kan na gaba. Babban baje kolin kaji shi ne wurin da duk waɗannan mutane ke taruwa a inuwa ɗaya na 'yan kwanaki, inda mai kaji 500 zai iya tsayawa gaban wakilin kamfanin da ya ƙyanƙyashe masa su, ya yi tambaya, a ba shi amsa ido da ido.

Inda ake haɗuwa

Taron da ya fi shahara a ƙasar nan shi ne baje kolin kaji na Abeokuta a jihar Ogun, wanda Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Najeriya, PAN, reshen Kudu maso Yamma ke shiryawa, galibi a watan Nuwamba. Ba abin mamaki ba ne da ya zauna a can, domin manyan kamfanonin ƙyanƙyasa da na haɗa abincin kaji sun fi yawa a tsakanin Oyo da Ogun da Legas. Daga Minna tafiya ce ta yini guda, ta Bida da Mokwa, a haye gadar Jebba, a ratsa Ilorin da Ogbomoso da Ibadan.

Wanda ba zai iya wannan doguwar tafiya ba yana da na kusa. Baje kolin amfanin gona na ƙasa, wanda ake yi a Tudun Wada kan hanyar Abuja zuwa Keffi a jihar Nasarawa, yakan tara cibiyoyin bincike da jihohi da kamfanoni, kuma masu harkar kaji na kafa rumfuna a cikinsa. A wajen Najeriya, birnin Kigali na Ruwanda ya fara karɓar babban taron kaji na Afirka a 2017, yayin da birnin Atlanta na Amurka ke karɓar ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a farkon kowace shekara.

Ya kamata a bambance iri biyu. A Ingila da Amurka akwai tsohuwar al'adar gasar kaji tun ƙarni na 19, inda ake wanke kaza, a gyara mata farata, a sa ta a keji, alƙalai su duba gashinta da zankonta da tsayuwarta, su ba da kyauta. Namu na Najeriya ya fi kama da kasuwa haɗe da makaranta. Akwai rumfunan kamfanoni, akwai zauren lacca, kuma abin da ake aunawa shi ne yawan ƙwai, da nauyin nama, da kuɗin buhun abinci.

Littafi kafin aljihu

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne zuwa da kuɗi ba tare da lissafi ba. Ya ga kejin ƙarfe mai hawa uku yana sheƙi, ya ga injin ƙyanƙyasa yana juya ƙwai da kansa, sai ya ba da kafin alƙalami. Sai ya dawo gida ya tuna cewa ƙwai na buƙatar kwana 21 cikin ɗumi marar yankewa kafin ya ƙyanƙyashe, alhali wutar lantarkin unguwarsa ba ta yini.

Lissafin da ya kamata ya riƙe kafin ya shiga ƙofar baje koli ba mai wuya ba ne. Kazar ƙwai ba ta fara saka sai ta kai mako 18 zuwa 20, wato kusan wata biyar ana ciyar da ita ba ta kawo ko kwabo. Idan ta fara, tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 500 ke nan za su cinye fiye da buhu biyu mai kilo 25 kullum, ko an sayar da ƙwai ko ba a sayar ba. Abinci shi ke laƙume kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Kajin nama kuwa sukan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, kuma duk kwanan da suka ƙara bayan haka ba tare da mai saye ba, ribar ce suke cinyewa.

Mai wannan lissafi a hannu ya san rumfunan da zai fara nufa. Ga mai ƙyanƙyasa, zai tambayi shekarun iyayen kajin, da ko an yi wa 'yan tsakin rigakafin cutar Marek a ranar da suka fito, da kuma sa'o'in da kwali ke yi a mota kafin ya iso Minna. Ga mai haɗa abinci, zai tambayi yawan sinadarin gina jiki a kowane nau'i, da ranar da aka haɗa buhun, da sunan wakilin kamfanin na gaskiya a jihar Neja. Ga mai magani, zai duba lambar NAFDAC, ya tambayi yadda ake riƙe sanyin rigakafin a hanya, da kwanakin da za a jira bayan shan magani kafin a sayar da ƙwai ko nama. Matambayi ba ya ɓata, kuma kamfanin da ya ƙi amsa irin waɗannan tambayoyi a bainar jama'a ya riga ya ba da amsa.

Kada kuma ya wuce rumfunan cibiyoyin bincike saboda ba su da ƙyale-ƙyale. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa rigakafin cutar Newcastle da Gumboro, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ya dace da ƙauyukan da babu firiji. Cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ita ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown, wadda aka tsara don yanayin ƙasar nan. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta ta fito da FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018. Irin waɗannan kaji, da Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo, suna iya kiwo a tsakar gida, su ba da ƙwai da nama. Ga wanda ba ya kwana a gonarsa, sau da yawa sun fi kajin Turawa zalla sauƙin riƙo.

Idan kai ne mai kai kaya

Ɗan arewa yakan shiga irin wannan taro a matsayin mai saye kawai, alhali abin da kamfanonin kudu suka fi nema yana hannunsa. Masara da waken suya su ne ƙashin bayan abincin kaji, kuma daga arewa ake loda yawancinsu. Jihar Neja na noman duka biyun, ga dusar shinkafa daga masussukan Bida da kewaye. Manomin da ya isa rumfa da samfurin masararsa zai iya ƙulla ciniki kai tsaye da mai haɗa abinci, ya tsallake dillalai biyu ko uku.

Amma kai kaya na da nasa sharuɗɗan. Masu shirya taro kan buɗe rajistar rumfuna watanni kafin lokaci, kuma wuraren da ke kusa da ƙofa su ke fara ƙarewa. Kuɗin rumfa da masauki da mota kan fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka ya fi dacewa ƙungiyar gama kai ta kama rumfa guda da sunanta, ta tura mutum biyu ko uku, aƙalla ɗaya mai jin Turanci sosai, in da hali da mai jin Yarabanci.

Mai sayen hatsi ba ya tsayawa ga kyawun ido. Zai auna damshin masara, domin wadda ta wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari takan yi fumfuna a ajiya, gubar fumfunar kuma tana rage ƙwai, tana kashe 'yan tsaki. Zai tambayi tan nawa za a iya kawowa a wata, da wanda zai ɗauki kuɗin mota, da abin da za a yi idan kaya suka iso ba daidai da samfur ba. Wanda ya zo da amsoshin a rubuce, da takardar rajistar ƙungiya da lambar asusun banki da sunanta, shi ake kira bayan an watse. Haka nan busasshen kashin kaji, wanda manoman rani ke rububinsa, da kejin da maƙeran Minna ke haɗawa, duk kaya ne da za su iya samun kasuwa idan an sa musu farashi da awo.

Tsarabar da ba a so

Taron da ya haɗa dubban masu kaji wuri ne da cuta ke samun abin hawa. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Cutar ta sake dawowa a 2015, ta fara daga Kano da Legas, ta bazu zuwa jihohi da dama. A wannan shekarar ce ma wasu jihohin Amurka suka hana kai kaji masu rai wuraren baje koli baki ɗaya. Ga shi kuma taron Abeokuta yana zuwa ne a bakin hunturu, lokacin da cutar Newcastle ta fi yi wa kajin arewa ɓarna.

Ƙwayar cutar ba sai a jikin kaza take tafiya ba. Takan maƙale a takalmi da riga da tayar mota da kiret ɗin ƙwai. Don haka wanda ya dawo daga baje koli kada ya zarce ɗakin kajinsa don ɗokin nuna wa yaran gona abin da ya sayo. Ya yi wanka, ya wanke tufafin da ya sa, ya tsoma takalmansa a maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bari kwana biyu zuwa uku su wuce. Duk kazar da ya sayo, ko wadda ya kai ya dawo da ita, a keɓe ta nesa da sauran na tsawon mako uku, da mazubin abinci da na ruwa nata daban. Idan ya ga mutuwar kaji farat ɗaya, likitan dabbobi na gwamnati zai kira, ba mahauci ba.

Bayan an yanke ƙyalle

Akwai wani rukuni na mahalarta da wannan magana ta shafa, wato jami'ai da hadiman da ke rako manyan baƙi. An saba su iso ranar buɗewa, a karanta jawabi, a zagaya rumfuna biyar na gaba, a ɗauki hoto, ayari ya tashi kafin azahar. Ainihin taron kuwa yana farawa ne bayan tafiyarsu, a zauren da makiyaya ke kokawa kan tsadar masara, da harajin da ake karɓa a shingayen hanya, da jabun magani, da daskararrun kajin da ake fasa-ƙwaurinsu duk da haramcin da ke kansu tun zamanin gwamnatin Obasanjo. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a watan Yulin 2024, waɗannan koke-koke sun sami ofishin da za a kai su. Hadimin da ya kwana biyu a wurin da littafinsa zai koma da bayanin da ba zai samu a fayil ba.

Maikunkele kanta tana da abin da za ta nema a nan. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Bosso, a nan filin jirgin saman Minna yake, wanda aka sa wa sunan Shugaba Bola Ahmed Tinubu a watan Maris na 2024, kuma gwamnatin Mohammed Umaru Bago ta bayyana aniyarta ta kafa yankin sarrafa amfanin gona a kewayensa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna na da sashen nazarin kiwon dabbobi, kasuwar Abuja kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Suleja. Garin da ke da hatsi da malamai da masu saye a kusa ya cancanci ya karɓi baje kolin kaji na kansa, wanda makiyayan Neja da Kaduna da Kebbi da Abuja za su halarta ba tare da sun haye Jebba ba.

Kafin ranar ta zo, hanyar Abeokuta da ta Tudun Wada a buɗe suke. Ma'aikacin da ke shirin zuba kuɗin sallamarsa a ɗakin kaji zai fi cin riba idan ya fara kashe kuɗin mota da na masaukin kwana uku, ya je ya gani, ya tambaya, ya dawo ya sake lissafi kafin ya aza tubalin farko.