Ranakun hutu a Saudiyya: abin da ya tabbata da abin da yake ji-ta-ji-ta

Ranakun hutun da hukuma ta amince da su a Saudiyya huɗu ne: Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Ranar Ƙasa da Ranar Kafuwar Daula. Biyu na addini ne, biyu na tarihin masarauta. Yawancin maganganun da ke yawo a majalisun hira da wayoyin hannu a kan wannan batu, da wannan ɗan jeri ake gane sahihancinsu.

Wadda ta fi daɗewa a bakin jama'a ita ce wai ƙasar ba ta san wani hutu ba sai na idi biyu. A da haka ne, amma zance ya sauya. A Ranar Ƙasa, 23 ga Satumba, ana tunawa da shekarar 1932, lokacin da Sarki Abdul'aziz ya haɗe Najadu da Hijaz ƙarƙashin suna ɗaya. An daɗe ba a rufe ofisoshi dominta, saboda manyan malaman ƙasar na ganin Musulmi ba shi da idi na uku; sai a 2005 Sarki Abdullahi ya mayar da ita ranar hutu. A 2022 Sarki Salman ya ƙara Ranar Kafuwar Daula, 22 ga Fabrairu, don tunawa da hawan Imam Muhammadu bin Sa'ud mulkin Dir'iyya a 1727. Abin lura a nan shi ne ba a ɗauki 1744 ba, shekarar da aka ƙulla alkawari tsakaninsa da Shaihu Muhammadu bin Abdulwahhab, wadda aka saba ƙirga tarihin daular daga gare ta. Ranar Tuta kuwa, 11 ga Maris, da aka ƙirƙiro a 2023, biki ce kawai, ana zuwa aiki.

Batun Maulidi ya fi kowanne jawo musu, kuma kowane ɓangare yakan yi ƙari. Gaskiya ne babu hutun 12 ga Rabi'ul Awwal a Saudiyya, saɓanin Nijeriya, Nijar da Masar. Hukumomin fatawa na ƙasar, ciki har da marigayi Shaihu Bin Baz, sun ɗauke shi bidi'a, don haka duk saƙon da ya ce Riyad ta ayyana hutun Maulidi ba shi da tushe. Sai dai cewa babu mai yin Maulidi a ƙasar ma kuskure ne. Tsofaffin gidajen Makka, Madina da Jidda sun daɗe suna taruwa a cikin gida, kuma malamin Makka Sayyid Muhammadu Alawi al-Maliki, wanda ya rasu a 2004, ya yi rubutu yana kare halaccinsa. Rashin hutun gwamnati daban, rashin masu yi daban. Haka nan ranar 1 ga Muharram ba hutu ba ce a can, ko da yake jihohi irin su Kano da Jigawa sukan ba da hutunta.

Wai Saudiyya ta koma hutun Asabar da Lahadi: ƙarya ne. A 2013 ta sauya daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022, tare da rabin yinin Juma'a, sai masu yaɗa labari suka cakuɗa ƙasashen biyu.

Zancen watsar da kalandar Hijira rabinsa gaskiya ne. Tun 2016 ake lissafin albashin ma'aikatan gwamnati da kalandar Miladiyya, kuma a 2023 majalisar ministoci ta faɗaɗa amfani da ita a harkokin hukuma. Azumi, aikin Hajji da idi suna nan a kan watan sama. Kirsimeti ba hutu ba ce, duk da an fara ganin kayan adonta a wasu kantuna.

Saura maganar cewa dole ranar Sallah ta zo ɗaya da ta Makka. Kotun Ƙolin Saudiyya ce ke tabbatar da ganin wata ga mutanen ƙasarta. A Nijeriya kuwa Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanarwa, bayan kwamitin duban wata ya tantance shaidu. Wata shekara ranakun su dace, wata shekara a sami ratar kwana guda.