Binciken Raunin Laka: Jita-jita Uku Da Ke Ɓatar Da Ɗalibai

A watan Mayun 2023 mujallar Nature ta buga labarin Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ya ji rauni a laka a haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011, wanda ya koma yana takawa bayan masana a birnin Lausanne na Suwizalan sun dasa masa na'urori a ka da kuma a kan laka. Irin wannan labari shi ke rura maganganu uku da ke yawo a bakin ɗalibai da iyayensu: wai an gano maganin shanyewar jiki, wai fagen na likitocin tiyata ne kaɗai, wai kuma wanda bai tsallaka Turai ba ba shi da abin yi a cikinsa. Kowace tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka ƙi mutuwa. Abin da hujja ta nuna shi ne ƙofar wannan fage ta fi yadda ake zato faɗi, sai dai aikin da ke bayanta na haƙuri ne, kuma mafi yawansa yana kusa da gadon majiyyaci.

Batun magani shi ya fi ɓarna. Lakar Oskam ba ta warke ba. Na'urar da ke kansa tana karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa, ta aika saƙon ƙasa da inda raunin yake, kuma da abin dogarawa yake tafiya. Nasara ce babba, amma a wancan rahoton a jikin mutum ɗaya aka gwada ta. Tun 1981 Albert Aguayo da Samuel David suka nuna a Montreal cewa jijiyoyin laka na iya tofowa idan suka sami muhallin da ya dace, a 1988 kuma Martin Schwab da Pico Caroni suka gano a Zurich sinadarin da ke hana su tofowa, wanda daga baya aka sa wa suna Nogo. Shekaru sun shuɗe, har yau babu wani magani da hukumomi suka amince yana haɗa lakar da ta tsinke. Kamfanin Geron ya fara gwajin ƙwayoyin halitta na tushe a Amurka a 2010, ya dakatar a 2011 saboda kuɗi. Don haka asibitin da ke karɓar miliyoyi don allurar waɗannan ƙwayoyi da alkawarin majiyyaci zai miƙe, da wanda ke sayar da takardar shaidar ƙwarewa a kansu bayan kwas na mako biyu, duk hajar da ba ta tabbata ba suke tallatawa. Ga ɗalibi kuwa wannan albishir ne, domin aikin bai ƙare ba, ana neman hannu.

Hannun wa? Gaskiya ne Jocelyne Bloch, wadda ta yi wa Oskam aiki, likitar tiyatar ƙwaƙwalwa ce, kuma ba a taɓa majiyyaci sai da lasisi. Amma abokin aikinta Grégoire Courtine da lissafi da fiziks ya fara karatunsa. Schwab masanin dabbobi ne. Susan Harkema, wadda ayarinta a Louisville ya ba da rahoto a 2011 cewa wani matashi ya tsaya da ƙafarsa bayan an tsikari lakarsa da lantarki, masaniyar aikin gaɓoɓin jiki ce. Binciken da ya fi burge ni ma takardar tambayoyi ce kawai: a 2004 Kim Anderson, wadda ita kanta tana zaune a keken guragu, ta tambayi mutum 681 masu raunin laka abin da suka fi so ya dawo musu. Waɗanda hannu da ƙafa suka shanye suka sa amfani da hannu a gaba, waɗanda rabin jikinsu ya shanye suka sa kwanciyar aure, riƙe fitsari da bayan gida kuma ya zo kusa da sama a wajen kowa. Wannan ya nuna wa masana cewa tafiya, wadda suka fi mayar da hankali a kanta, ba ita ce kaɗai buƙatar masu ciwon ba. Injiniya da nas da likitan gashi da masanin ƙididdiga duk suna da gurbi. Abin da masu zuga ba sa faɗa shi ne tsawon hanyar: digiri na farko, na biyu, digirin digirgir na shekara uku zuwa shida, sannan aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku a ɗakin binciken wani, da albashin da bai kai na likita mai asibitin kansa ba. Gidauniyoyi irin su Wings for Life masu bincike da suka riga suka shiga fagen suke ba kuɗi. Guraben karatu na Commonwealth da DAAD kuwa kyauta ake nemansu, duk dillalin da ya ce a biya shi ya samo gurbi mazambaci ne.

Magana ta uku, ta tsallaka Turai, ita ce mai ƙarfin hujja. Za a ce, ina wutar lantarkin, ina na'urorin, ina kuɗin? Dasa na'ura a ƙwaƙwalwa yana buƙatar abin da jami'o'inmu ba su da shi a yanzu, kuma wanda zuciyarsa ta karkata can ya nemi fita, ba laifi. Sai dai a tuna yadda fagen ya fara. Kafin Ludwig Guttmann ya buɗe cibiyarsa a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, yawancin masu raunin laka ba sa daɗewa a duniya, gyambon kwanciya da cutar mafitsara ke tafiya da su. Guttmann ya sa a riƙa juya majiyyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a zuƙe fitsari da roba mai tsafta a kan lokaci, a tashe shi ya motsa jiki, sai mutane suka rayu. Gyambon kwanciya da cutar mafitsara har yau suna kashe mutanenmu. A wurin haɗari jama'a kan ɗauki wanda wuyansa ya karye a lanƙwashe su cusa shi a bayan Keke Napep, wani sai an zagaya da shi wajen maɗori, wanda aka sallama kuma ya koma kan tabarma a ɗakin da ba a iya shiga da keke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun wannan rauni duk shekara, amma galibin alƙaluman da ake da su daga yankinmu rahotanni ne na asibiti ɗaya ɗaya. Mutum nawa ke raye shekara biyu bayan sallama? Wace katifa mai araha ce ke hana gyambo a zafin watan Afrilu? Mai aiki a asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Aminu Kano ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ya fi kowane farfesa na Zurich damar amsa su. Horo ma akwai: ƙungiyar ISCoS ta ɗora darussan elearnSCI kyauta a intanet tun 2012, ƙungiyoyin IBRO da TReND suna shirya wa matasan Afirka kwasa-kwasan ilimin jijiyoyi, ga kuma cibiyar BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Damaturu.

Wani zai ce wannan yarda ce da ƙaramin rabo, Turawa su yi kimiyya mu kuma mu ƙirga gyambo. Ban yarda ba. Duk maganin da za a gano gobe, sai an gwada shi a kan majiyyatan da ke raye, waɗanda gaɓoɓinsu ba su sandare ba, kuma aka auna rauninsu da ma'auni ɗaya tun ranar farko. Ma'aunin da duniya ta amince da shi, na ƙungiyar ASIA, allurar maƙala tufafi da ɗan auduga yake buƙata: a taɓa wurare 28 a kowane ɓangaren jiki a tambayi majiyyaci ko ya ji, a gwada ƙarfin tsoka 10 a dama, 10 a hagu, a rubuta. Likitar gashi da ta yi wannan da kyau ga duk wanda aka kwantar a sashenta, ta bi su har gida bayan sallama, ta buga sakamakon a mujallar Spinal Cord, ta riƙe abin da masu tantance ɗaliban digirin digirgir ke nema, kuma sashenta ya cancanci a saka shi cikin gwajin magani na ƙasa da ƙasa.