Zomon Dürer: Makarantar Masu Koyon Fentin Ruwa

A shekarar 1502, Albrecht Dürer, mai zane ɗan birnin Nuremberg na Jamus, ya zana wani zomo a kan takarda mai tsawon kusan santimita 25. Ɗaruruwan shekaru ke nan masu koyon fentin ruwa suna kwaikwayonsa, kuma sun yi dabara.

Fentin ruwa garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro, wannan dai ƙaron da ake samu a jikin dakwara a Sudan da Chadi da Yobe, wanda almajirai ke sawa a tawada. Shara-shara yake, farin takarda na ratso shi. In wuri ya yi duhu, da wuya ya sake yin haske. Saboda haka mai koyo dole ya san abin da ake fara shafawa da abin da ake bari sai ƙarshe.

Zomon nan kuwa yana nuna wannan tsari a fili. Dürer ya fara shimfiɗa launin ƙasa-ƙasa mai ruwa-ruwa, ya bari ya sha iska. Sannan ya ɗauki siririn buroshi yana jan gashi sili-sili, kowane sili na bin yadda jikin dabbar ya lanƙwasa: gajeru a goshi, dogaye a gadon baya. Farin fenti mai kauri ne ya zo daga baya. A ƙwayar idon ma akwai ɗan hasken taga. Wanda ya yi gaggawar jan gashi kafin shimfiɗar farko ta bushe, sai launukan su cakuɗe, zomon ya dagule.

Manyan masu zane ma ta hanyar kwaikwayo suka bi. Hans Hoffmann ya yi ta kwaikwayon zomon, har Sarki Rudolf na Biyu ya ɗauke shi mai zanen fada a Prague a 1585. A Landan, cikin shekarun 1790, Turner da Thomas Girtin suna samari sukan je gidan Dakta Monro da dare su kwafi ayyukan John Robert Cozens, Girtin na fitar da layi, Turner na shafa launi.

Mai son gwadawa hoto mai kyau ya ishe shi. Asalin zanen yana gidan adana zane-zane na Albertina a Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma ba kasafai ake fito da shi ba, domin haske na koɗar da fentin ruwa.