Ciyawar da Ba Ta Jiran Damina

A tsakiyar Janairu, wanda ya tsaya a bakin Babbar Kasuwar Gombe ya waiga gabas ya waiga yamma, koren da zai gani bai wuce ganyen dogon yaro da latas ɗin masu kayan miya ba. Hunturu ya bi komai ya shafa masa hoda. Amma a wani shago da faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, na tarar da ango da amarya tsaye a kan ciyawa kore shar, kai ka ce daren jiya aka tafka ruwa. A fuskar kwamfuta suke. Ainihin hoton a tsakar wani gida aka ɗauke shi a Jekadafari, ƙasa siminti, bayansu igiyar shanya, ga akuya ta leƙo da kai ta gefen randa.

Mai shagon ne ya kwashe simintin ya shimfiɗa musu damina. 'Yan kasuwa "mai kwamfuta" suke ce masa, shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce gyaran hoto yake yi da dizayin. Kalandar biki, katin gayyata, fostar 'yan takara, fileks na walimar sauka, fasfo na masu neman aiki, duk a kan teburin nan suke bi.

Sana'ar tana da kaka. Kafin kwamfuta, masu hoto labule suke ratayawa a bango, mai zanen bene ko lambu ko jirgin sama, mutum ya tsaya a gabansa ya gyara hula, a ɗauka, a kai fim a wanke. Kalmar ma ba ta mutu ba, har gobe "wanke hoto" ake cewa, alhali ko ɗigon ruwa ba ya taɓa shi. Da aka yanke Jihar Gombe daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba 1996, garin ya zama hedikwata, ma'aikatu suka buɗe, siyasa ta dawo a 1999, Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004. Kowanne daga cikinsu ya zo da buƙatar takarda mai hoto, shagunan irin wannan kuma suka yi ta tsirowa.

Manhaja biyu ce jarin aikin. CorelDRAW, wadda wani kamfanin Kanada ya fitar a 1989, da ita ake tsara rubutu da girman takarda. Photoshop kuwa, wadda wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya sa ta a kasuwa a 1990, ita ce ta fata da tufafi da ciyawa.

Ɗanyen kayan aiki shi ne hoton da kwastoma ya kawo, kuma daga nan rigima take farawa. Galibi ta WhatsApp ake turowa, shi kuma WhatsApp matse hoto yake yi, ya zubar da kaifinsa. A waya ya yi kyau, ana zuƙo shi a kwamfuta sai fuska ta farfashe kamar an zana ta da bulo. Kullum roƙonsa ɗaya ne: "Don Allah a turo min shi a dokumen." Bayan nan sai yanka. Da maus yake bin gefen mutum ɗigo-ɗigo, daga hula zuwa takalmi, har ya raba shi da tsakar gidan. Namiji mai kaftani ba ya ba da wahala. Amarya ce aiki: mayafi shara-shara da ake hango bango ta cikinsa, leshi mai huda-huda da kowace huda sai an shiga an cire simintin da ke leƙowa. Sa'a guda tana iya tafiya a gefen mayafi kaɗai.

Sai ciyawa. Na ɗauka abu ne da ake dannawa sau ɗaya ya fito, domin Photoshop ta zo da burushinta na ciyawa tun zubi na 7 da ya fito a 2002, akwai mai lamba 134 mai tsinke uku, akwai mai lamba 112 mai dogon tsinke ɗaya. Yaron shagon ya nuna min abin da ke faruwa in aka ja shi haka kawai: wani abu ya fito kamar tabarmar roba, launi ɗaya, tsayi ɗaya, duk tsinkayen sun karkata gefe guda kamar 'yan makaranta a layin asambuli. Daga nesa ma ido ya san ƙarya ce.

Ogan nasa ya karɓi maus. Bai fara da ciyawa ba, da ƙasa ya fara: leya ɗaya, wato shimfiɗa, mai duhu, kore mai sirkin ruwan ƙasa, domin duk wanda ya taɓa sunkuyawa a fadama ya san gindin ciyawa duhu ne. Sannan ya zaɓi kore biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai ratsin rawaya, ya saita burushin yadda kowane tsinke zai ɗebi launinsa tsakanin biyun, tsayinsu ya bambanta, karkatarsu ta bambanta, su watsu ba a jere ba. Daga can nesa ya faro, da burushi ƙarami, launin ya dushe ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, ya bi shi da hazo kaɗan. Yana matsowa gaba yana ƙara girman burushi yana ƙara kaifi, kowane zango da leyarsa. Na ƙirga leya biyar kafin ya iso ƙafar ango.

A nan ne ake gane gwani. Mutumin da aka yanko aka ɗora a kan ciyawa ba tare da inuwa ba, shawagi yake yi kamar aljani. Sai ya duba ta inda rana ta bugi fuskar angon a hoton asali, ta hagu ce, ya jefa inuwa ta dama, mai duhu sosai daidai ƙarƙashin takalmi, tana sassautawa tana nisa. Ya buɗe wata leya a saman mutanen ya ja 'yan tsinkaye suka hau bakin takalmi, suka ɗan rufe gefen zanin amarya, domin ƙafa nutsewa take yi a ciyawa. Ya ɗebo kore mara nauyi ya shafa a ƙasan farar shaddar angon, wai farin kaya yana ɗaukar launin abin da ke kusa da shi. Wannan ban taɓa lura da shi ba sai da na fita na duba wani mai farin wando kusa da koren buhu. Gaskiyarsa ce.

Abu na ƙarshe da ya yi shi ya fi burge ni. Ya canza launi zuwa ruwan kara, ya watsa busassun tsinkaye jefi-jefi, ya bar wani ɗan wuri da ƙasa ta leƙo, ya sa wasu 'yan dogaye da suka ɗara sauran tsayi. Nan take filin ya zama fili.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan. Ya ce saitin burushi a YouTube ya gani, amma ciyawar a ƙauyensu ya san ta, wajen Kwami, inda ya yi shekaru yana yanko wa tumakin babansa da lauje. Ya san kiri-kiri mai bin ƙasa, wadda ita ce ta fi kama da ta filin ƙwallo, ya san harƙiya da gude-gude, ya san yadda ƙyasuwa take fitar da jan kai a ƙarshen damina, da yadda gamba take kwantawa in iska ta bi ta kanta. Ƙarangiya ce kaɗai, in ji shi, ba wanda ya taɓa cewa a sa masa. A ganina nan ne bambancinsa da yaron yake. Yaron a gari ya tashi, hannunsa ya fi na ogan sauri, amma ciyawar da ke kansa ta wasan ƙwallon Ingila ce da yake kallo a gidan kallo, wadda injin aski ya daidaita.

Abin dariya, in Babbar Salla ta matso, mutum biyu ne ke cin abinci da ciyawa a garin nan: mai tallanta a kura don raguna, da wannan da tasa ko akuya ba ta sha'awa.

Gama aiki a kwamfuta rabin tafiya ne. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, kuma babu kore a cikinsu, sai an gauraya shuɗi-shuɗi da rawaya. Shi ya sa koren da ke ƙyalli a kwamfuta yakan fito a takarda ya mutu, wani lokaci kamar miyar kuka.  Don haka kafin ya tura aiki sai ya juya shi zuwa launin injin ya gani, ya ƙara rawaya, ya rage baƙi. Ya san injin wane ne a gari yake cika shuɗi, na wane ne kansa ya fara toshewa yana jan layi.

Shi ba shi da babban inji. Ƙaramar firinta ce a shagon, ta fasfo da hoton firam. Fileks da sitika da kalanda sai ya sa a filas ya ba yaro ya hau acaɓa ya kai wa masu manyan injuna. Su da ƙafa suke lissafi: fileks mai ƙafa 3 da ƙafa 5, ƙafa 15 ke nan, a ninka da farashin ranar. Shi sai ya ɗora kuɗin dizayin da ɗan abin da zai rage masa. A nan ake cin wuyarsa, domin kwastoma yana ganin leda da tawada, ya yarda kuɗi ne, amma sa'o'i ukun da aka yi a kan mayafi da ciyawa ba ya ganinsu. "Ai danne-danne ne kawai," haka wani ya faɗa a gabana, yana neman a bar masa dizayin kyauta.

Kuɗin da ke fita kuwa ba ya jiran ciniki. Akwai hayar shago da ake biya shekara-shekara, akwai data, akwai tawada da takardar hoto. Kwamfutar ta hannu ce, irin wadda ake saro wa daga Kwamfuta Bileji a Ikeja ko daga Kano, kuma ƙurar hunturu ba ta raga mata, sai an buɗe an busa fankarta in ba haka ba ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar aiki. Uwa uba wuta. In an ɗauke sai janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala ma ta haura naira 1,500 a shekarar, ledar fileks da tawada kuma daga waje ake shigo da su. Wanda ya samu hali ya sa sola da batir. Shi batirin laftof ɗinsa ne solarsa, yana ganin ya kusa ƙarewa yake tashin janareta. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sabuwar Photoshop gaba ɗaya ta koma kuɗin wata-wata da dala, shi ya sa a shaguna da yawa tsohon zubi za ka tarar, wanda aka sa wa kwamfutar ranar da aka saye ta.

Ciniki yana da kaka yana da rani. Kafin azumi da bayan Salla da watan Disamba, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, sai ya kai sha biyun dare. Shekarar zaɓe ita ce babbar kaka, a 2023 ya ce ya yi makonni bai ci tuwon dare a gida ba. Amma kuɗin siyasa yana da ƙaya: yaran ɗan takara su kawo aiki, su ba da kafin alƙalami, su kwashi fosta, in ubangidansu ya faɗi sai wayarsu ta daina shiga. Yanzu ba ya sakin aikin siyasa sai ya ga alat. Akwai kuma aikin da ba ya karɓa ko nawa ne: a haɗa hoton yarinya da namijin da ba su taɓa tsayawa tare ba, ko a gyara sakamakon jarrabawa. Ya ce wanda ya iya sa ciyawa a siminti, in bai ji tsoron Allah ba, gidan wani zai kashe.

Yara biyu ne a hannunsa. Suna farawa da shara da aike da yankan fasfo, sannan taifin, sannan Corel. Photoshop sai an shekara. In yaro ya ƙware aka yaye shi, abin da yake buƙata laftof ce da teburi, wasu ma a ɗakinsu suke buɗewa.

Waya ta ci wani ɓangare na kasuwar, wannan ba ya musu. Da Canva da PixelLab duk ɗalibi ya zama mai dizayin, kuma tun 2023 Photoshop kanta tana da wurin da za ka rubuta abin da kake so ta zana maka cikin daƙiƙa. Ya gwada a wayar wani. Ya ce ciyawar ta yi kyau, amma ta ƙasar sanyi ce, ga shi ta sauya wa angon yatsun ƙafa. Abin da ke dawo masa da mutane shi ne bugawa: abin da aka haɗa a waya, in aka buɗe shi ya kai ƙafa 5, sai ya watse.

La'asar sakaliya yayar amarya ta zo ganin aiki kafin a kai inji. Ya juyo mata da laftof. Ta daɗe tana kallo, ta yaba mayafin, ta ce a ƙara wa ƙanwarta haske. Sai ta sa yatsa a ƙasa.

"Malam, wannan busasshiyar fa? Ga ƙasa ma a nan."

"Hajiya, ita ce ke sa a ɗauka gaske ne."

"A'a, ɗan'uwana. Busasshiyar ciyawa ai muna da ita a ƙofar gida, kyauta. Biki ne. Cire min ita."

Bai ja ba. Ya danna ɗan idon da ke gefen leyar busasshiyar ciyawar, tsinkayen ruwan kara suka ɓace, filin ya koma kore tas. Ta ce yauwa, ta tura cikon kuɗi, ta ce gobe da safe za a zo a karɓa kalanda ɗari. Da ta fita ya sa nata a filas ya miƙa wa yaro. Sannan ya sake danna idon, busassun tsinkayen suka dawo, ya adana wannan da wani suna a wata jaka daban, ya ɗauki buta.