Kafin a Cike Fom ɗin JAMB

Bara, ana dab da rajistar JAMB, ɗiyar yayata ta zo ta same ni, wai likitanci za ta cike. Na tambaye ta dalili, ta ce haka Baba ya ce. Ita kuwa ko kaza ake yankawa sai ta kau da kai.

Muka zauna da wayata. Na buɗe mata IBASS, manhajar da hukumar JAMB ta tanada, inda ɗalibi zai ga kowane kwas, jami'o'in da ke koyar da shi, da darussan da ake nema. Jarrabawar JAMB, wato UTME, darussa 4 ce, Turanci dole. Mai son likitanci sai ya haɗa da Fizis, Kemistri da Bayoloji. A nan yara da yawa ke yin tuntuɓe. Maki ya yi kyau, haɗin darussa bai dace ba, shekara guda ta salwanta. Abin yana ci mini rai.

Daga nan muka gwada tambayoyin auna sha'awa, waɗanda aka gina kan binciken John Holland, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka da ya kasa sha'awar aiki gida 6. Amsoshinta duk suka karkata ga lissafi da tsara bayanai. Manhaja ba ta san tsadar makaranta ko halin da gida ke ciki ba, don haka ban bar wa manhaja hukunci ba. Amma ta ba yarinyar abin faɗa a gaban mahaifinta.

Yau aikin akanta take karantawa. Iyaye, don Allah ku zauna da 'ya'yanku ku duba tare kafin ranar rajista.