Ko Ka Sani? Ran Famfon Feshi Yana Cikin 'Yar Roba

Da ruwan shuka ya sauka a Dingyaɗi, kafin a gama wasa hauya an riga an sauko da famfon feshi daga inda aka rataye shi. Da sassafe za ka ga samari a hanyar gona, tanki goye a baya, hannun hagu yana hawa yana sauka, na dama riƙe da sanda. Rani ma ba ya ba shi hutu, domin masu albasa da tumatir da tattasai a fadamun Boɗinga da Shagari suna jiransa. In ka shiga birnin Sakkwato kuma, ga ƙanensa a hannun masu wankin mota da kafet da kujerun kushin, suna fesa ruwan sabulu kafin su sa buroshi.

Irin wannan hirar ba baƙuwa ba ce a rumfar mai gyara:

"Kawu, bana-bana nis saye shi, ga shi har ya mace."

Dattijon ya warware murfin famfon, ya zaro wani baƙin zobe da ya kumbura ya yi laushi kamar danƙo.

"Mi kaz zuba ciki, ɗana?"

"Kananzir nis sa, in wanke shi."

"To famfonka lahiya lau shike. Roba ta kak kashe."

Labarin famfon feshi ke nan a taƙaice. Mai saye tanki yake kallo, ya duba launi, ya duba girma. Abin da zai yanke hukuncin ko zai yi damina biyar ko ba zai ga kaka ba kuwa, ƙananan abubuwa ne da za su shige tafin hannu guda.

Tsintsiya ce kakarsa

Ko ka san cewa kafin famfo da tsintsiya ake yayyafa magani? A shekarun 1880 wata cuta ta far wa gonakin inabi a Faransa, tana kakkaɓe ganye. Wani malamin ilimin tsirrai a birnin Bordeaux, Millardet, ya lura cewa inabin bakin hanya, wanda manoma ke shafa wa wani shuɗin haɗi don masu wucewa su ji tsoron tsinka, shi ne bai zubar da ganye ba. Haɗin na gishirin jan ƙarfe ne da farar ƙasa. A 1885 ya bayyana wa duniya sakamakon bincikensa. Magani ya samu, amma wa zai bi dubban kadada da tsintsiya da bokiti? Cikin masu ƙira da suka amsa wannan kiran akwai Victor Vermorel, wanda ya ƙera tankin jan ƙarfe da ake goyawa, ya sa masa suna Éclair, wato walƙiya. Wanda ke bayan yaron Dingyaɗi a yau jikansa ne, sai dai shi da roba aka yi shi.

Sunan Jacto, kamfanin famfon feshi da manomanmu suka sani, shi ma a rumfar gyara aka haife shi. Shunji Nishimura mutumin Japan ne da ya yi ƙaura zuwa Birazil, ya buɗe shagon gyare-gyare a garin Pompeia. Manoma suna kawo masa na'urorin barbaɗa magani da suka lalace, har ya haddace inda kowace ke gazawa, sai ya ƙera tasa a 1948, mafarin Jacto ke nan. Wanda ya daɗe yana kwance abu, shi ya san makasarsa.

Ƙasar Sakkwato ma tana da nata shafin a wannan tarihi. A 1954 aka fara wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin tsohon Lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, inda ma'aikata ke bi ɗaki-ɗaki suna fesa wa bango magani. Ba a rufa shekara biyu ba aka gano cewa sauron garin Ambursa ya daina mutuwa da maganin dieldrin, labarin da ya ratsa duniyar masana.

Iska ke aikin, ba ruwa ba

Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa ta kuma nemi komawa yadda take. A kan wannan aka gina kowane famfon feshi. A na goyo, duk bugu ɗaya yana tura ruwa cikin wani ɗan kurtu mai iska a ciki. Iskar da aka takura ita ke ci gaba da ingiza ruwan tsakanin bugu da bugu, shi ya sa feshin ke fita sumul, ba tsit-tsit ba. Ƙaramin da masu wankin kujera suka fi so, mai cin lita 5 zuwa 10, shi kuma tankin gaba ɗaya ake cika wa iska kafin a fara. Wanda ya cika shi da ruwa har wuya ya hana iska mazauni, sai ya yi ta bugu feshin na mutuwa nan da nan. A bar wa iska wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tankin.

Zuciyar famfon iri biyu ce. Akwai mai fistin, mai hawa da sauka a cikin bututu kamar famfon keke. Yana ba da ƙarfi sosai, amma ƙwayar yashi in ta shiga sai ta karce bututun, daga nan yoyo ya fara. Akwai kuma mai faifan roba da ke lotsawa yana tasowa, irin na CP3 da CP15 na kamfanin Cooper Pegler na Ingila. Shi ba ya gogayya da komai, don haka ya fi jure maganin gari da ruwa mai laka. Wanda daga tafki ko rijiyar fadama yake ɗiba, wannan bambancin ya shafe shi kai tsaye.

Roba ba guda ba ce

A ido duk zobban robar baƙaƙe ne, kamar uwa ɗaya ta haife su. A aiki kuwa kowace da abin da take ci da abin da ke cin ta. Wadda ake kira NBR tana zaman lafiya da mai da dangoginsa. EPDM tana jure sabulu mai kaifi, dangin kanwa da soda, amma da ta haɗu da fetur ko kananzir sai ta kumbura ta saki. Viton, wadda ta fi su tsada, tana jure mai da sinadarai masu tsami da yawancin magungunan gona, amma soda mai ƙarfi tana gajiyar da ita.

A nan mai wankin kushin ya fi manomi shiga tsaka mai wuya. Yawancin sabulun da ke ɗaga dauɗa daga yadi dangin kanwa ne. Abin cire tabon maiƙo kuwa sau da yawa dangin mai ne. Famfo ɗaya ba zai yi wa duka biyun biyayya na tsawon lokaci ba. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera wa masu sana'ar wanki famfo suke rubuta irin robar a jikin kwali, wasu har su bambanta launin murfi. Mai sana'a na gaskiya biyu yake ajiyewa, kowane da aikinsa. Ruwan bilic kuma, in ya kwana a ciki, yana cin tagulla da ƙananan waya-waya na cikin kunamar da ake matsawa.

Yoyo ba asarar magani kawai ba ne. Lita 16 na ruwa kilo 16 ne, in ka haɗa da tanki ana maganar kusan kilo 20 manne a gadon baya, cikin rana, jiki na zufa. In murfi ko mahaɗar tiyo na ɗiga, riga za ta jiƙe da magani, fata kuma tana sha. Mutum sai ya dawo gida da ciwon kai da jiri ya ɗora wa rana laifi.

Ƙaramin baki mai babbar magana

Ka taɓa duba 'yan lambobin da ke kan bakin feshi, wanda ake ce wa nozul? In ka ga 8002, 80 ɗin faɗin buɗewar feshin ne, digiri 80, 02 kuma yawan ruwan da yake fitarwa, kusan kashi uku cikin huɗu na lita a minti ɗaya. Irin wannan bakin masu feshin sauro ke amfani da shi bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya: a riƙe shi santimita 45 daga bango, ya shimfiɗa layi mai faɗin santimita 75. Launi ma magana ne. A ma'aunin da manyan kamfanoni ke bi, ruwan ɗorawa yana ba da lita 0.8 a minti a kan matsin bar 3, shuɗi lita 1.2, ja lita 1.6. Bar 3 kuwa ya ɗara iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

Kowane baki da gonarsa. Mai shimfiɗa ruwa kamar mafici, da matsi kaɗan, shi ne na maganin ciyawa, don ɗigon ya yi kauri ya faɗi ƙasa. Mai zagaye kamar mazurari, da matsi mai ƙarfi, shi ne na ƙwari, don ya ratsa ƙarƙashin ganyen wake. Wanda ke ƙara bugu don ruwa ya ƙaru yana wahalar da kafaɗarsa ne kawai, domin kafin ruwan ya ninka biyu sai matsin ya ninka huɗu. Abin da zai samu shi ne ɗigo ya koma hazo, iska ta kwashe shi ta kai gonar maƙwabci ko cikin hancinsa.

Ga kujera, mai shimfiɗawa ake so, da hannu mai sauƙi. Yadi ake son jiƙawa, ba soson ciki ba. Soso in ya sha ruwa, musamman a watan Agusta, sai ya yi kwanaki bai bushe ba, ya yi fumfuna, falo ya ɗauki wari, mai gida kuma ba zai sake kiranka ba. Kafin a fesa ko'ina, a gwada a bayan kujerar inda ido ba ya kaiwa, a ga ko yadin na zuba.

Bakin nan yana cinyewa a hankali ba tare da ido ya gani ba. Na tagulla, duk da ƙyallinsa, shi ya fi saurin buɗewa. Na roba mai kyau ya fi shi ƙarko, na ƙarfen da ba ya tsatsa ma haka, na tangaran kuma ya fi su duka. Gwajinsa ba wuya: ka fesa ruwa zalla a cikin kofin awo na minti ɗaya, in ya wuce abin da sabo ke bayarwa da kashi 10 cikin 100, ya gama aiki. In ya toshe, kada a zungure shi da allura ko ƙayar aduwa, ramin zai ɓaci. Kada kuma a sa baki a hura. Tsohon buroshin haƙori da ruwa sun isa.

Rana da ajiya

Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, hasken rana kuma yana gasa roba har ta yi fari ta fara tsagewa kamar tsohuwar ƙwarya. Tankin kirki ana haɗa shi da sinadarin kariya daga rana, amma ko shi bai ƙi inuwa ba. Ƙaramin nan da ake cika wa tanki iska, a sake masa iskar bayan aiki, kada robobinsa su kwana a matse. Mai batir, wanda ya yawaita a 'yan shekarun nan, ya hutar da hannu, sai dai yawancinsu batirin dalma ne mai bolt 12, irin wanda ke mutuwa murus in an jefar da shi ba caji tun daga kaka har bazara. A riƙa waiwayarsa da caji lokaci-lokaci.

In ka je saye

A babbar kasuwar Sakkwato za ka tarar da su a jere, wasu da kyan ɗan maciji. Tambayar farko ba ta farashi ba ce. Ka ce a nuna maka kayan gyaransa, wato robobi da bawul da kunama da baki. In babu su a rumfar, babu a maƙwabta, ka san ranar da zoben farko ya tsinke ranar famfon ya zama tulu. Ka leƙa bakin tankin, ya zama mai faɗi da rariya a ciki, yadda hannu zai shiga wanki. Ka nemi matata ta biyu a cikin mariƙi. Ka ja igiyar goyo ka ji ɗinkinta, ka duba ko mahaɗar tiyo murɗawa ake yi ko cusawa kawai aka yi. Sannan ka roƙi a zuba ruwa, ka buga har hannu ya yi tauri, ka saki, ka shafa kowace gaɓa da yatsa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, domin sunan da ya yi fice shi ake wa jabu. Ruwan gwaji ba ya ƙarya.

Doka guda ce ba ta da sassauci. Famfon da ya taɓa shan maganin gona ba ya shiga ɗaki. Roba tana riƙe saura. Ɗan abin da ya maƙale na maganin ciyawa irin 2,4-D ya isa ya nannaɗe ganyen tumatir ko wake, balle a ce kujerar da jariri zai kifa fuska a kai. Ko aron maƙwabci ne, a tambayi abin da ya sha jiya. Na gona ya tsaya gona, na wanki ya tsaya wanki, a rubuta a jikin kowane.

In an tashi aiki, a ɗauraye tanki sau uku, a fesa ruwan ɗaurayar ta cikin sanda don tiyo da baki su samu rabonsu, a zubar nesa da rijiya da mashayar dabbobi, a kife shi a inuwa. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Sannan kafin damina ta kama, a sayi 'yan zobban nan biyu ko uku a ƙulle a leda, a rataye kusa da famfon. Ranar da ciyawa ta taso wa gero, ko aka kira ka wankin kujerun gidan biki, su za su hana ka tafiya rumfar Kawu.